Kekunan Auta

Kafin Auta ta kwanta ciwo, aikin babanta ƙofofi ne da tagogi. Shagonsa yana ƙarshen layin masu walda, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gaba, kuma ba wanda ya san shi da wani suna sai Maiwalda. Abin da aka kawo masa shi yake yi. In an ce ƙofa ya yi ƙofa, in an ce gadon ƙarfe ya yi gado, ya karɓi haƙƙinsa ya koma gida.

Auta tana 'yar shekara huɗu zazzaɓi ya kama ta. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da ƙafafunta. Aka yi asibiti, aka yi addu'a, har aka haƙura. Da ta yi nauyin da goyo ya gagari uwarta, Maiwalda ya sayo mata keken asibiti, irin mai ƙananan tayoyi a gaba. Keken don santsin siminti aka yi shi, layinsu kuwa ramuka ne da duwatsu. Bai jima ba tayar gaba ta karye, yarinyar ta kifa a bakin kwata, haƙorinta ɗaya ya fita.

Washegari ya ture ƙofar da yake haɗa wa wani gefe, ya zaunar da Auta a kan benci, ya ɗauko tef ya auna ta: faɗin ƙugu, tsawon cinya, daga gwiwa zuwa diddige, iyakar inda hannunta yake kaiwa. Ya sayo tayoyin keke, ya lanƙwasa bututun ƙarfe, ya yi mata mazauni daidai jikinta. Na farko ya yi nauyi. Na biyu yana jan hagu. Na ukun ne ta hau ta zagaya rumfar, ta dawo ta tsaya a gabansa da giɓinta a waje.

"Baba, wannan ya yi."

Wata mata ta ga Auta tana tafiya makaranta da kanta, ta bi ta har gida ta tambayi inda aka sayo keken. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta a shago da ɗanta a goye, yaro babba, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta. Daga ita sai wani direba da haɗari ya karya wa baya, sai wani tsoho da jikarsa. Kafin shekara ta zagayo Maiwalda ya daina karɓar aikin ƙofa.

Ƙaninsa, wanda duk layin suke kira Baffa domin da sunan ne Auta take kiransa, ya rufe teburinsa na kayan gyaran babur ya dawo wurinsa. Haɗin ya yi kyau. Maiwalda bai iya ciniki ba, in mai saye ya ɓata fuska sai ya rage, in ya ga ƙwalla sai ya ce a bar shi kawai. Baffa kuwa ɗan kasuwa ne har cikin ƙashi. Ya san inda ake samun bututu da araha, ya san yadda ake cewa a'a ana murmushi. Shi ya kama shagon maƙwabta aka fasa bango, shi ya ɗauko ma'aikata, shi ya sa aka rubuta allo a saman rumfa, KEKUNAN AUTA, shi kuma ya kawo shawarar ɗan tambarin ƙarfe mai sunan da ake maƙalawa a bayan kowane keke.

Duk wannan Maiwalda ya sakar masa. Doka ɗaya ce ya kafa bai yarda a taɓa ba: ba a yin keke sai an ga mai hawa. In wani ya aiko daga nesa ya ce a yi masa na yaro ɗan shekara goma, sai ya mayar da amsa, "Ɗan shekara goma iri nawa ne? Ko ku kawo shi ko in zo." In kuma yaro ya girma, a dawo da keken a buɗa shi, ba ko sisi.

"Yaya," in ji Baffa, "kai kaɗai ne ɗan kasuwar da na sani mai addu'a kayansa su dawo."

"In ya dawo ai yaron yana raye ke nan."

Auta ta tashi a rumfar nan. In ta taso daga makaranta nan take yada zango, kuma ba keken da yake barin shago sai ta gwada shi. Za ta hau ta nufi ƙarshen layi, ta bi ta kan duwatsun bakin kwata da gangan, ta juyo da gudu ta ja birki a gaban babanta. In ta ce bai yi ba, to bai yi ba, ko da mai shi yana tsaye yana jira. Ma'aikatan sun fi shakkarta a kan babanta, suka sa mata Babbar Oga. In aka kawo sabon yaro yana noƙe kai a bayan uwarsa, ita take matsawa kusa da shi ta ce, "Kai, ka taɓa yin tsere? To shirya, in an gama naka zan ba ka kashi."

Tana da shekara goma sha tara fuskarta ta fara kumbura da safe. Aka ce gajiya ce, aka ce gishiri ne, sai da ta daina cin abinci aka je asibiti. Likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, kuma sai an riƙa yi mata wankin ƙoda kowane sati, har abin da Allah ya yi.

Abin da shagon ya tara ya tafi da wuri. Motar Maiwalda ta bi, sarƙar uwarta ta bi. Baffa ne yake ɗaukarta a tasa motar ya kai ta, ya zauna a bencin waje har a gama.

A cikin haka ne wata rana da tsakar rana, an ɗauke wuta, ma'aikata sun tafi cin abinci, Baffa ya shigo ya zauna a kan tulin tayoyi. Ya ce wani babban kamfani zai yi bikin cika shekaru da kafuwa, yana son raba kekuna kyauta. Guda ɗari uku, girma ɗaya, launi ɗaya, cikin wata biyu.

"Su wa za su hau?"

"Mabuƙata mana, Yaya."

"Na ce su wa. Yara ne ko manya?"

"Ba su tantance ba. Ranar bikin za a tara su."

"To ka gaya musu ba ma yin haka."

Baffa bai tashi ba. Ya daɗe yana murza wani noti a tsakanin yatsunsa.

"Ka sayar da mota. Maman Auta ta sayar da sarƙarta. Saura me, injin walda? In ka sayar da shi, wata mai zuwa fa?" Ya ajiye notin. "Kuma ka duba, Yaya. Wanda yake jan jiki a ƙasa ba zai ce keke ya yi masa girma ba. Ba cuta za mu yi ba. Taimako ne, an biya mu mu yi."

"Kayan aro ba ya rufe katara."

"Ya fi tsirara."

Aka kawo wuta, fanka ta fara juyawa, Maiwalda bai motsa ba. Washegari da ya iso shago, kafin ya cire hularsa, ya ce da ƙanin nasa ba tare da ya dube shi ba, "Ka karɓo."

Shi da kansa ya zaɓi girman. Ya ɗauki na babban mutum, don ko ba komai kowa zai shiga. Aka ƙaro ma'aikata, aka yanka bututu tsawo ɗaya aka tara kamar itace. Wannan yana lanƙwasawa, wancan yana haɗawa, wani yana fesa shuɗin fenti irin na kamfanin. Maiwalda ya sa gilashinsa ya riƙa bin walda tun safe har yamma, gaɓa ɗaya, wuri ɗaya, keke bayan keke. Aikin ya yi kyau, ba mai iya kushe haɗin. Tef ɗinsa dai bai fito daga aljihu ba.

Bai gaya wa Auta ba, amma gida ba ya ɓoye magana. Ranar da ya samu ya kai ta wanki da kansa, tana kwance, jininta yana bi ta siririyar roba ya shiga injin ya dawo, ta juyo ta dube shi.

"Baba, idonka ya yi ja. An ce aiki ya buɗe."

"Alhamdulillahi."

"Wa ya auna su?"

Ya dubi injin. Ya dubi robar. "Ba a auna ba."

"Saboda ni ne?"

"Saboda shago ne."

Ta yi 'yar dariya marar ƙarfi. "Baba, ba ka iya ƙarya ba, kamar yadda ba ka iya ciniki ba." Ta lumshe ido har ya zaci barci ta yi, sannan ta ce, "Ba zan ce komai ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a sa sunana a jikinsu."

"To," in ji shi.

Amma tun safiyar ranar motar kamfanin ta riga ta kwashe na ƙarshe. Kowanne da tambarinsa a baya, don mutanen sun sa shi a cikin sharaɗi tun farko. Sunan suka sani, shi suka zo saya.

Baffa ne ya je bikin. Ya dawo da hotuna a waya, kekuna jere reras a ƙarƙashin rumfuna, manyan mutane suna miƙa hannu, jama'a suna tafi. Maiwalda ya kalli biyu ya mayar masa.

Kuɗin kwangilar ya riƙe Auta har bayan damina. A watannin nan ta ɗan murmure, har ta je bikin sunan ɗan yayarta, ta riƙe jaririn ta ce hancinsa na Baffa ne, Allah ya kyauta. Daga baya jikin ya ƙi karɓar wankin. Ta rasu da hantsi a ɗakin uwarta, jim kaɗan bayan ta ce a buɗe mata taga.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Maiwalda ya koma shago, amma bai kunna inji ba. Yakan zo da safe ya zauna a benci, ya amsa gaisuwa, ya tashi da yamma. Wani kamfanin ya ga hotunan bikin ya aiko da tasa kwangilar, Baffa ya karɓa, aikin yana tafiya ba tare da Maiwalda ba. In an gama keke sai a tura shi kai tsaye cikin layin 'yan'uwansa. Ba wanda ya kawo maganar gwaji.

Wata rana Baffa ya roƙe shi ya je kasuwa ya dubo wasu tayoyi, don dai ya motsa jiki. A tashar mota, yana jiran ya tsallaka titi, ya hangi shuɗin fentin. Ya san haɗin tun daga nesa, kamar yadda mutum yake sanin tafiyar ɗansa. Wata mata ce take turawa. A ciki wani yaro ne da bai wuce shekara bakwai ba, ya nutse a gefe ɗaya kamar an jefa shi a kwando. An ɗaure ƙirjinsa da ɗankwali a jikin majingina don kada ya zame. Ƙafafunsa suna lilo, ba su kai mataki ba.

Maiwalda ya yi sallama, ya tambayi inda ta samu keken.

"Kyauta aka ba mu, Malam. Allah ya saka wa masu shi."

"Yana iya tuƙawa da kansa?"

"Ina fa, hannunsa bai kai taya ba. Amma ai ya fi goyo." Ta gyara wa yaron wuyan riga. "Sai dai kwana biyun nan jikinsa da zafi, kuma wandonsa yana ɓaci ta baya. Shi ba ya jin komai a wurin, ni ce nake gani."

Ya ce ta yi haƙuri ta ba shi dama ya duba. Suka matsa inuwar wani shago, ta kwance ɗankwalin, ya ɗaga yaron, ba nauyi. A gefen ƙugu, daidai inda ƙashi yake gogar ƙarfen da yaron yake zamewa ya jingina da shi, akwai miki kamar bakin ƙaramin kofi, tsakiyarsa ya yi baƙi. Maiwalda ya san irin mikin nan. Saboda shi ne yake auna ƙugu sau biyu. Ya san yadda yake cin nama a ɓoye har ya kai ƙashi, mai shi yana zaune yana wasa.

Yaron yana kallonsa, yana taɓa tabon ƙuna a bayan hannun Maiwalda.

"Ni na yi keken nan," in ji Maiwalda.

Matar ta rusuna. "Ashe kai ne, Baba. Allah ya biya ka. An ce mana sunan 'yarka ne a jiki, Allah ya yi mata albarka."

"Ta rasu."

Ta yi salati a hankali, ta shiga yi masa gaisuwa, tana ƙara godiya a tsakani. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Bai je wurin tayoyin ba. Ya tare mota ya kai su asibiti, ya bar su a hannun likita, ya turo keken da ƙafa har shago. Ma'aikata suka ga ya cire riga ya ɗauko abin yanka. Ya datse faɗin, ya ɗaga mataki, ya matso da tayoyi gaba, ya yanka sabon soso mai kauri. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa, har ransa ya ji daɗin jin ƙarar injin a hannun yayansa.

Yaron ya yi wata a asibiti, ya warke. Amma Maiwalda bai dawo benci ba, bai kuma shiga layin masu kwangila ba. Ya je ofishin kamfanin farko ya tambayi su wa aka ba kekunan. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta ce ai an raba an gama, wanda ya shirya bikin ma ya bar aiki. Sai ya ɗaure ƙaramin injinsa da soso da tef a bayan babur, ya shiga nema da baki. Yana tsayawa a ƙofar asibiti, a sashen gashin ƙashi, a mahaɗar tituna. Duk wanda ya samu ya ce masa, "Wa kuma ka gani ranar rabon?"

Abin da ya gani ba iri ɗaya ba ne. Akwai wani ƙaton mutum mai gyaran takalmi da keken ya zauna masa daram, ya riƙe hannun Maiwalda ya ce shekara tara yana jan jiki kafin ranar. Akwai gidan da ya tarar ana ɗebo ruwa da shi, jarkoki huɗu a kan mazauni, mai shi tana kan tabarma don ta gaji da faɗowa. Da yawa an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Akwai yarinyar da bayanta ya riga ya karkace ya bi gefen da take zamewa. Akwai kuma gidan da ya yi sallama, ya hangi keken a jingine a zaure da ƙura a kansa, uban ya fito ya ce yaron ya rasu wata uku da suka wuce. Maiwalda ya yi gaisuwa ya fito. Bai tambayi abin da ya yi ajalinsa ba.

Ranar da ya dawo daga gidan nan ya kasa cin abinci. Matarsa ta ɗauke kwanon ta zauna a bakin gado tana ninke kaya.

"Da na sani," ya fara.

"Kada ka ƙarasa, Malam." Ba ta ɗago ba. "Watannin nan da ta ƙara, ni na san daɗinsu. Na yi mata kitso, na ji dariyarta, ta riƙe jikana. In da za a sake, ni zan fara cewa ka karɓa. Ka je ka gyara abin da za ka iya gyarawa, ba zan hana ka ba. Amma kada ka ce mini da ba a yi ba."

Ya san gaskiya ta faɗa, ya kuma san abin da ya gani a zauren nan. Daga ranar ba su sake tayar da maganar ba.

Baffa ya yi haƙuri har ya gaji. Soso da bututun da Maiwalda yake ɗiba na shago ne, ba wanda yake biyan gyaran, masu zuwa awo kuma sukan zo su tarar ba ya nan. Da kwangila ta uku ta zo, wadda ta fi na baya girma, ya jira ma'aikata suka tashi, ya rufe ƙofa ɗaya.

"Yaya, mu yi magana. Auta 'yata ce ni ma. Ba kai kaɗai aka yi wa rashi ba. Amma mutanen nan da suke aiki suna da iyali, ni ma ina da yara a makaranta. Kuma ka yi lissafi da kanka. Duk shekarun nan da kake awo, mutum nawa ka ɗaga daga ƙasa? Waɗanda ba su taɓa jin sunan layin nan ba fa, su mutu suna rarrafe don ba ka gan su ba? Mai takalmin nan da kai ka ba ni labarinsa, da dokarka aka bi da har yau yana ƙasa."

"Gaskiyarka."

"To me ya rage?"

"Ban ce ka yi laifi ba. Ni ne ba zan iya ba. In na ɗaga gilashi na ga keke ban san mai shi ba, sai in kasa ci gaba." Ya shafa gwiwarsa. "Ka ɗauki manyan injunan, ka tafi da duk wanda zai bi ka. Ka bar mini ɗakin farko da sunan."

Baffa ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Sunan ne kasuwar, Yaya, ka sani. Kuma ni na sa aka rubuta shi."

"Na sani. Ita ta roƙa. Tana kan injin wanki ta ce kada a sa sunanta a kan wanda ba a auna ba. Na ce mata to, alhali an riga an kwashe."

Baffa bai taɓa jin wannan ba. Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe a haka, kafaɗunsa suna motsi. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko kwalin tambarin, ya ajiye a kan benci kusa da yayansa, ya fita ba tare da sallama ba.

Ba a yi faɗa ba, ba a kira kowa sulhu ba, shi ya sa ma abin ya ƙi warkewa. Aka mayar da bangon da aka fasa. Ma'aikata suka bi Baffa, ban da tsohon mai fenti da ya ce ƙafarsa ba za ta iya nisa ba. Baffa ya kama wuri a bayan gari ya sa wani suna, kasuwa ta buɗe masa, har ya sayi motocin kai kaya. An ce daga baya ya koma yin girma uku, ƙarami da matsakaici da babba, kuma ba ya ba da ko ɗaya sai da soso mai kauri. Labarin ya iso wa Maiwalda. Shi kam ya koma karɓar ƙofa da taga jefi-jefi don a ci abinci, tsakanin awo da fita neman shuɗayen kekunan, waɗanda kullum suke ƙara wuyar samu. In sun haɗu da ƙaninsa a sabgar dangi sukan gaisa, ya gida, ya aiki, kowa ya nemi wurin zama daban. Matansu ne suke riƙe da zumuncin.

Shekaru suka ɗan ja. Gashin Maiwalda ya yi fari, idonsa na hagu ya fara hazo. Wata safiya yana kankare tsatsa a jikin wata taga, farar mota mai tambarin kamfanin Baffa ta tsaya a bakin rumfa. Direban ya buɗe baya, wani mutum ya fito ɗauke da 'yarsa, yarinya mai wayo, bayanta a murɗe, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya.

Mutumin ya gaishe shi ya ce daga nesa suke. An gwada mata duka girma ukun a kamfanin Baffa, ba wanda ta iya zama a ciki.

"Har mun juya za mu tafi, sai mai kamfanin ya fito da kansa. Ya dubi yarinyar ya ce, ku je wurin yayana. Shi ne mai yin keke, ni sayarwa nake yi. Ya ce kuma in gaya maka tayoyi da bututu suna cikin motar."

Maiwalda ya ce su zauna, ya sa mai fenti ya kawo musu ruwa. Ya zagaya bayan shago inda ba hayaniya, ya ciro waya ya nemo lambar ƙaninsa. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Yaya."

"Sun iso."

"To."

Ta can yana jin ƙarar injuna da muryoyin mutane da yawa. Ya jira, ƙanin nasa ma ya jira. Akwai maganganu, amma ba wanda ya san ta inda zai kama.

"Aikin zai ɗauki lokaci," in ji Maiwalda. "Bayanta ya murɗe sosai."

"Na gani. Su zauna a wurina har ka gama."

"To. Ka gaida yara."

"Za su ji, Yaya."